Muryar da Za Ku Ji da Asuba

Unguwar Shamaki, Gombe.

Zuwa ga 'yata Delu, Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Zulkifilu da jikokina, Ya tsare ku a wannan Fatakwal mai nisa. Mu nan sai godiya. Ƙafar Goggonki Fanta ta yi sauƙi, har tana fita unguwa. Bakari tela ne ke rubuta mini, na kuma ce masa ya sa magana yadda ta fito, kada ya yi mata kwalliya. Na ƙi ɗaukar wayarki kwanan nan ba don fushi ba. Da kin ji muryata za ki gane kafin in gama bayani, ki kama kuka, ni kuwa ba na so.

Kin san tun ba a haife ki ba nake kiran salla a masallacin unguwarmu. To, tsufa ya kawo mini yawan zagayawa. Bara akwai ranar da la'asar ta yi ina bayan gida, wani ya ɗauki lasifika ya kira, na fito ana ta murmushi ana yi mini sannu. Sannun nan ta fi zagi ciwo. Daga ranar na yanke wa kaina hukunci: in hantsi ya yi, ni da ruwa sai bayan isha'i, alwala ɗaya ta kai ni. Da sanyi abin bai dame ni ba. Sai bazarar bana ta zo, irin wadda kwanon masallaci ke ƙara don zafi, ko tabarma ba ta takuwa. Maƙogwaro in ya bushe sai in jefa minti ko ɓarin goro, in ci gaba da harkata. Ban saɓa lokaci ko sau ɗaya ba, wannan ko maƙiyina zai shaida.

Sannu a hankali yawu ya ƙafe mini. Harshe ya riƙa mannewa a ganɗa, dasashi na jini in na yi asuwaki, haƙoran gaba suka fara girgiɗi. Ƙanenki Suhaibu ya tasa ni a gaba har asibiti, ba da son raina ba. Likitar haƙori, wata Joan, 'yar Tangale, ta leƙa bakina, sannan ta tambaye ni ruwa nawa nake sha. Da na gaya mata, sai ta ce yawu shi ne ke wanke haƙora dare da rana, in babu ruwa a jiki babu yawu, ga kuma zaƙin minti ya kwana a busasshen baki. Na ce mata iyayenmu sun yi noma a rana tsaka ba su san wannan ba. Ta ce, cikin ladabi kuwa, ai su da gorar ruwa suke zuwa gona. Ta cire haƙoran gaba na sama, ta ce ba su cetuwa.

Innata, da bakin ya ɗan warke na koma na yi kira. Iska ta riƙa kuɓuce mini, lasifika na yin fito kamar na mai kiran kaji. Na ji da kunnena ana kwaikwayona a bakin famfo. Bayan Juma'a liman ya zo da dattawa biyu har zaure, suka ce in huta tukuna, Mu'azzam ɗan gidan mai gyaran rediyo zai riƙe mini. Wai riƙewa. To me ya sa suka karɓi makullin masallacin? Ni na ɗebo yashin masallacin nan a kaina lokacin da wasunsu ba su iya ɗaura wando ba. Tsawon bazarar nan suna ganin leɓena a tsage, babu wanda ya ce Malam Jaji sha ruwa, in ka fita za mu jira ka. Da haƙori ya faɗi kuwa, kowa ya gani. Shi Mu'azzam ɗin yana da murya, ba zan yi masa ƙarya ba, amma yana gaggawa.

Suhaibu na ta maganar haƙoran roba. Na ce ya bari in gani, don ko an sa, wa ya ce za a mayar mini da makulli? Ruwa dai yanzu ina sha. Ban ce likita ta fi ni gaskiya ba, na dai sha. Ina zama a sahun baya kusa da ƙofa, in fita in sake alwala in dawo, ba mai kallona, tunda ba mai jirana. Ki ce wa Zulkifilu, shi da ke yini a rana, kada ya yi wa ruwa rowa.

Abin da ya sa na rubuto shi ne wannan. Kin ce in kun zo Babbar Salla za ki tashi Najeeba da Su'ad da asuba su ji kiran kakansu, don kin daɗe kina ba su labari. Ki tashe su, salla ce. Amma ki shirya su tun a hanya, kada su tambaye ni a gaban mutane.

Goggo Fanta da Suhaibu da matarsa Fiddausi suna gaishe ku, Bakari ma ya ce in sa sunansa. Ki shafa mini kan yaran. Allah Ya yi miki albarka, Ya kawo ku lafiya. Muryar da za ku ji ba tawa ba ce, amma ku amsa mata.

Ni ne mahaifinki,
Malam Jaji, wanda har yanzu ake ce wa Ladan.