Albashin Idrissa na Farko Yana Jiran Hannunki

Wheaton, Maryland

Zuwa ga ƙanwata Aminatou, a Maradi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ku lafiya, ke da maigidanki Malam Zulkifilu da yara duka. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan muna lafiya. Zeinabou tana nan tana faɗa da ni a kan gishiri, wai likita ya hana, kamar ita likitan ya aura. 'Yarmu Hairat ta kusa gama makaranta; Hausa tana shiga kunnenta sarai, amma da Turanci take fitowa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, alhali ga waya, shi ne maganar ɗanki na fari. Ke ba kya kama sunansa, ni kuwa kawu ne, ba ruwana da alkunya: Idrissa ya sami aiki. Wani babban sito ne a Gaithersburg, yana ɗora kaya yana saukewa. Sai dai wurin ba sa ba mutum kuɗi a hannu, ko takardar cek ba sa bayarwa. Kai tsaye suke zuba albashi cikin asusun banki. Hairat ce ta raka shi ya buɗe asusun, sannan ta zaunar da shi ta shigar da lambar banki da lambar asusunsa a waya. Suka ce kuma a kawo cek guda wanda ba a cika ba, a ja masa rubutu a kashe shi don su ga lambobin. Na ce ikon Allah, takarda ko aiki ba ta fara ba an yi mata jana'iza.

Ran Juma'a da safe wayarsa ta yi ƙara, Hairat ta duba ta ce kuɗi sun shiga. Maimakon murna sai yaro ya ɓata fuska. Da na matsa, ya ce ranar da zai taso kin riƙe hannunsa a tasha kin ce kada ya ci ko dala daga guminsa na farko sai hannunki ya taɓa, yadda muka gada. Ya ce to ina abin da za a taɓa? Na ce ya kira ki ki sa albarka ta waya, ya ce ke hannu kika ce, ba ki ce murya ba. Taurin kan nan dai kin san ba daga gidan Malam Zulkifilu ya ɗauko shi ba.

Na so in yi masa faɗa, sai Inna ta faɗo mini a rai. Lokacin kina ƙarama, amma za ki iya tunawa da ranar da na kawo kuɗin awon gyaɗa na farko. Ta shimfiɗa faifai, na zuba, ta ɗora tafinta a kai ta yi ta addu'a har na gaji da tsugunno, ta tofa, ta zari dala ɗaya ta ce a kai wa makahon bakin masallaci. Sauran ta tura mini. Ko sisi ba ta riƙe ba. Har yau in na ji ƙamshin sabuwar gyaɗa, muryarta nake ji.

Kuma ai na riga shi wauta. Da na zo ƙasar nan, cek ɗina na farko na wankin motoci ban kai banki ba, ambulan na sa shi na aika wa Inna ta gidan waya. Ta tofa masa addu'a, ta ga takarda ce mai daraja, ta naɗe ta a tsumma ta ajiye ƙarƙashin kwalla, tana jiran amintaccen matafiyi. Sai bayan damina ta wuce ya dawo hannuna, yana ƙamshin turaren wuta da daddawa. Matar banki ta riƙe shi da yatsu biyu ta ce ya tsufa, ya wuce wata shida. Nasirudeen, mutumin Kumasi mai kantin kayan miya a nan Wheaton, har gobe in ya gan ni sai ya tambaye ni lafiyar cek ɗin da ya je ganin gida. Maigidana na lokacin ya sha dariya, amma ya rubuta mini wani. Ni kuwa tun daga nan ban taɓa kwana da yunwa a ƙasar mutane ba, kowa ya fassara yadda ya ga dama.

To ga inda gizo yake saƙa. Sanyi ya fara shigowa, na nan kuma ba ya jin lallashi. Idrissa ba shi da rigar sanyi ta kirki, kullum kuma sai ya tsaya jiran bas a fili. Na ce zan saya masa, ya ce mai albashi ba ya karɓar sadaka. Na ce ya saya da nasa, ya ce ba a taɓa ba. Da ƙyar ya yarda ya ari tsohuwar tawa, hannunta a gwiwar hannunsa ya tsaya. Jiya na ji ya fara tari.

Da na ga haka sai na zaunar da shi na ce Inna ma ba ta taɓa ƙirga kuɗin kowa ba, ɗaya take zara, albarkar ta bi sauran. In an ɗanɗana miya a cokali, ai an ɗanɗani tukunya. Ya ce to, amma shi ba zai sa hannu ba. Muka je injin banki, ya danna lambobinsa, ya koma gefe ya harɗe hannuwa a baya kamar mai tsoron wuta. Ni na zaro takardar kuɗin da ta fara fitowa. Ita ce za ki gani a naɗe cikin wasiƙar nan, a hannun Oumarou direba da zai sauka Yamai ran Lahadi, daga nan ya wuce Maradi.

Don Allah, ƙanwata, ranar da ta iso ki nemo faifai, ki ɗora hannu, ki tofa, a canza a ba mabukaci. Sannan ki kira shi da kanki ki ce kin taɓa. Kada ki jira amintaccen matafiyi, kada kuma ki nufi kwalla.

Ki gaida Malam Zulkifilu, da Baba Maitama in yana jin magana ranar, da Auwalu da iyalinsa. Zeinabou da Hairat suna gaishe ki. In kin je ziyarar maƙabarta, ki yi wa Inna addu'a a madadina, ki ce mata jikanta ya biyo halinta.

Ki hanzarta, yaron yana tari, ni ma ina son rigata.

Naki yayanki,
Yacouba