Likkafanin Inna a Cikin Galura

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya zafin Makka? Mu nan Malumfashi alhamdu lillahi, jikin Inna ne dai sai a hankali.

Yaya, na yi ɓarna. Ranar Asabar ina koya wa 'yan biyuna rinin riguna, muna ƙullewa da zare muna tsomawa a galura. Na tashi ɗora tuwo, sai suka shiga ɗakin Inna tana barci, neman ƙarin farin ƙyalle. Likkafaninta suka ɗauko, wanda ta wanko da zamzam shekarar da ta sauke farali. Kafin in fito ya koma shuɗi, suna ta tsalle wai in yaba musu.

Wankin duniya na yi, ya ƙi fita. Jiya kuma ta sake jaddada mini da shi za a yi mata sutura. Na ce to.

Don girman Allah ka sayi wani, ka wanke da zamzam, ka ba duk mai tahowa gida. Kada ka jira alhazai, jikin nan nata ba na jira ba ne.

Ka roƙa mata tsawon kwana a gaban Ka'aba. A gaida kowa.

Ƙanwarka,
Hadiza