Bikin Matattu a Ƙauyen Kaka

Litinin, 9 ga Oktoba

Mun iso ƙauye, can bayan Battambang. Na bar Phnom Penh ne don malaminmu na tarihi ya ce kowa ya kawo hira da wanda ya ga zamanin mulkin kisan gilla na Khmer Rouge da idonsa. Na ce ai ni ta kwana gidan sauƙi, ga Kaka. Ashe na yaudari kaina. Tun a mota na kunna waya zan naɗi muryarta, ta ce, "Kunthea, kashe abin nan, ki ɓare mini ayaba."

Talata, 10 ga Oktoba

Ruwa ya cinye gonar shinkafar Goggo Sarun. 'Ya'yanta duk sun tsallaka Thailand ƙwadago. Safe daddawar kifi da ganye, rana ma haka. Na yi ƙorafi a hankali, Kaka ta ji. "'Yar birni! Ci, ja'ira, ko ki ci wayarki." Suka yi ta dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Laraba, 11 ga Oktoba

Ko kalma ɗaya ban samu daga bakin Kaka kan wancan zamanin ba. Sai hirar tsadar alade.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Mun kai wa sufaye abinci a haikali saboda bikin matattu. A gindin bene akwai wani tsoho mai suna Ta Khorn, ido ɗaya ya mutu, rigarsa duk faci. Kowa na kauce masa. Kaka kuwa ta zauna kusa da shi, ta buɗe masa dafaffiyar shinkafa ta cikin ganyen ayaba, suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa.

A hanya na tambayi Goggo ko wane ne. Da ƙyar ta faɗa. A zamanin Khmer Rouge, shi ne shugaban rukunin da aka tilasta wa haƙa madatsar ruwa. Shi ya kira sunan Sophal, ƙanwar Kaka, ya tafi da ita bayan itatuwan giginya. Tana da shekara goma sha shida. Ba ta dawo ba.

Shinkafar nan ni na naɗe ta jiya!

Juma'a, 13 ga Oktoba

Na yi wa Kaka tsawa. Ban taɓa ba. Na ce mutumin da ya kamata ya ruɓe a kurkuku, shi kike ciyarwa? Na ce mu a makaranta hotunan waɗanda aka kashe muke kallo har abinci ya fita ranmu.

Ta ci gaba da tsince shinkafa. Can ta ce, "Ku kuna da hotuna. Ni ba ni da na Sophal ko ɗaya. Iyayenmu sun tafi, ƙawayenmu sun tafi. Duk duniya saura mutum biyu da suka san fuskarta, ni da shi. Ni kuma na fara mantawa."

Na ce to kin yafe masa ke nan?

"Wa ya gaya miki? Miƙo mini faifan can."

Na rasa inda zan sa wannan a aikin makaranta. Na rasa inda zan sa shi a kaina ma.

Asabar, 14 ga Oktoba

Ranar ƙarshe ta biki. Ƙafar Kaka ta kumbura, ba ta iya taka tabo, Goggo kuma na fama da tukwane. Dole ni na kai wa Ta Khorn shinkafar.

Ban haɗa hannu na gaishe shi ba. Na ajiye zan juya, ya ɗaga idon nan ɗaya ya tsura mini. Ya ce Sophal ma haka take tafiya in ta yi fushi, kafaɗa ɗaya sama. Wai in tana dashen shinkafa waƙa take yi, muryar ba daɗi, kowa na tsokanarta.

Na so in tofa masa yawu. Sai na ji bakina yana tambaya, wace waƙa?

Ya rera kaɗan. Na tsaya har ya kai ƙarshe, na sa ya maimaita. Ba don shi ba. A hanya na yi ta bitarta kada ta zube mini kafin in iso gida.

Da na rera wa Kaka, ta ce ba haka ake jan ƙarshen ba, ta gyara mini.