Salkar da Na Jeme Maka

Zuwa ga aminina Habu,

Sallama a gare ka, da roƙon Allah Ya sa kana kwance cikin rahama. Na san wannan takarda ba za ta iske ka ba. Ko da kana raye ma da ƙyar za ka karanta ta, tun muna makarantar allo kake cewa rubutuna kamar kaza ce ta taka tawada. Amma duk faɗin Matameye ba ni da wanda zan amince in gaya wa maganar nan, sai kai da ba ka iya maimaita ta.

Gero ya yi kyau bana. Matarka Hajo ta fita takaba, ta rame ƙwarai. Baƙin jakinka yana wurina, har yanzu in ya zo ƙofar gidanka sai ya ja ya tsaya, ko me za a yi masa.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Tanko ƙanin matarka, wanda kuka tafi Manga ɗauko gishirin mangul tare, ya dawo shi kaɗai da labarin da bai shige ni ba. Wai kun ji mahara sun tare rijiyar kan hanya, kuka ratse daji. Wai da ruwan gorunanku ya ƙare, ka sauko da babbar salkar ruwan da na jeme maka, wadda ka cusa tsakanin kayan mangul don kada rana ta buge ta. Kuka tarar ta yamushe, rabin ruwan babu, sauran kuma ya zama zartsi, ba ya haɗiyuwa. Wai bakinta na ɗaure da ƙullinka. Kai ga zazzaɓi, ya bar ka a gindin aduwa ya tafi neman ruwa, ya dawo ya iske ka cika.

Haba Habu, wa zai yarda da wannan? Ni da na tashi a majema, na yi furfura ina jima? Na karɓi salkar na hura ta, na danna ta cikin ruwa, ko ƙwayar kumfa ba ta fito ba. Salka ba huda, baki a ɗaure, ruwa ya bi ta ina? Kuma wa ya zuba masa gishiri? Na ce a raina Tanko ne ya shanye kana barci, ya cika ta da ruwan wani kududdufi, ya kwaikwayi ƙullinka. Ban bar ta a raina ba, ka san bakina. Na faɗa a kasuwa, na faɗa a bakin masallaci, na kai ƙara gaban alƙali a Kance. Jibi za a ba shi Alƙur'ani ya rantse. Yanzu in ya ratso unguwa mutane shiru suke yi. Hajo ta daina gaishe ni, shi ma ta daina taka gidansa. Ta rasa miji, ni kuma na raba ta da ɗan'uwanta guda tilo.

Na so in je wa alƙali da hujjar da za ta rufe bakin Tanko. Na cika salkar nan da ruwan rijiyarmu, na ɗaure, na kwantar da ita tsakanin mangul biyu a ɗakin fatu. Kusa da ita na kwantar da wata salkar irin wadda nake sayar wa kowa, ita ma cikin gishiri. Na barbaɗa toka a ƙasa don in ga sawun duk wanda ya shiga, har matata ban yarda da ita ba.

Bayan kwana uku na buɗe ɗakin. Toka ba sawu. Ɗayar salkar ta ɗan saki kawai. Taka kuwa ta yamushe, mangul ɗin ya jiƙe sharkaf har yana narkewa. Na kwance ƙullin da hannuna na kurɓa, na tofar. Zartsi, Habu. Zartsi sak.

Na zauna daɓas a cikin tokar. Ni da nake barbaɗa gishiri a ɗanyar fata don ya zuƙe mata ruwa, yaya aka yi ban tuna ba? Kullum ina ɗaukar fata tamkar katanga ce. Ashe tana da ƙofofin da ido ba ya gani, gishiri ya ja ruwa ta nan zuwa waje, shi kuma ya kutsa ciki.

To me ya sa taka ta fi ɗayar lalacewa? Nan ne abin da ban taɓa gaya maka ba. Ka cika mitar cewa ruwan hanya ɗumi gare shi kamar na wankan jego. Salka kuwa sai ta yi naso iska ta buge ta take sanyaya ruwa. Don haka na kankare taka fiye da ƙa'ida, na tsame ta daga ruwan bagaruwa da wuri, man shanun ma na shafa kaɗan. Na yi shiru don in ka dawo kana yabonta in yi maka dariya. Da na buɗe baki na ce ka rataye ta a waje, kada ta taɓa kaya, da yanzu ba takarda nake rubuta maka ba.

Kada ka ɗauka zuciyata ta wanke Tanko sarai. Har yanzu ina tambaya, shi me ya sha har ya kai rijiya? Da gaske ruwan goransa ya ƙare lokacin da naka ya ƙare? Ya yi saurin dawowa, ko ya tsaya ya huta? Kai kaɗai ka sani, kai kuma ka yi shiru. Amma zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma abin da na kai shi ƙara a kansa ban same shi da shi ba. A hannuna na same shi.

Ba wanda ya san abin da ya faru a ɗakin fatu. In na kame bakina, Tanko zai rantse, rabin gari su ci gaba da nuna shi da baki har ya mutu, ni kuma fatake su ci gaba da sayen salkata. In na faɗa, daga nan har Dungu da Yauri ba mai sake ɗaukar ruwansa a fatar da na taɓa. Wallahi na auna yin shirun, ba zan ɓoye maka ba, kwana biyu ina aunawa.

Jibi da hantsi zan ɗora salkar da mangul ɗin a jaki in tafi Kance. Kafin a miƙa wa Tanko Littafi, zan roƙi alƙali ya ɗanɗana ruwan salkar. Daga can kuma sai gidan Hajo, shi ne nake jin tsoro fiye da gaban alƙali.

Ka yafe mini, Habu. Ruwan sanyi na so ka sha.

Sai mun iske ku.

Amininka,
Ɗan'azumi majemi