Ramin Ayabar Inna

Bikenibeu, Tarawa

Zuwa ga Yayata Temarewe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya kare ku, ya sassauta muku sanyin Auckland. Mu ma nan sai godiya. Maigidana Teuea yana fita kamun kifi kullum, wata rana a dace, wata rana mu ci shinkafa da kwakwa mu yi shiru. Jaririna ya fara rarrafe. 'Yata Akoia kuwa ta warke sarai, har ta koma makaranta.

Na san labarin ciwon Akoia ya iso ki ta bakin Kawu Bauro, kin kuma san shi da ƙara wa magana gishiri. Shi ya sa na ga gara ki ji daga bakina. Kin tuna ramin nan na bayan gida da Inna ta kewaye da ayaba tun zuwanmu daga tsibirinmu Nonouti? Can gida duk abin da ta share ta zuba a rami ruɓewa yake yi ya zama taki, ganye ne da ɓawon kwakwa da ƙayar kifi. Da muka zo nan ba ta sauya ba, mu ma ba wanda ya hana ta. Sai dai sharar Tarawa daban take: leda, gwangwani, mataccen batir, kunzugun jarirai na zamani, duk cikin ramin. Rijiyarmu kuwa ga ta nan kusa da shi.

Bayan ruwan saman da aka tafka, Akoia ta kama amai da gudawa, idanunta suka faɗa, sai da aka kwantar da ita asibiti aka yi mata ƙarin ruwa. Yaya, na tsorata ƙwarai. Da aka sallame mu sai wata ma'aikaciyar lafiya ta zo ta duba gidan. Ta ce ruwan da ke ƙarƙashin yashinmu ba shi da nisa, abin da aka binne yana iya gangarawa rijiya. Ta kuma ce ba za ta rantse cewa daga raminmu ne ba, tunda ga garken aladun maƙwabta ko'ina. Amma maƙwabciyarmu Ruonamakin tana leƙe ta shinge, sai ta ɗaga murya wai ashe tsohuwa ce ta kusa aika jikarta lahira. Inna tana riƙe da tsintsiya, ta ji komai.

Tun daga ranar Inna ta ajiye tsintsiya, ta daina cin abinci, ko Akoia ba ta iya kallo. Ta naɗe tabarmarta ta ce mu sa ta a jirgin ruwa ta koma Nonouti, inda hannunta ba ya cutar da kowa. Na yi lallashi har na gaji. Na ce mata ni ma na sha zuba shara a ramin nan, ta ce ai ni yarinya ce, ita ta koya mini.

Teuea ne ya ce bari ya tone ramin a kwashe komai. Ya fara ke nan yana sara kusa da saiwoyin ayaba, sai ga Inna ta fito tana dafa bango. Ta ce masa, kai surukin nan, da hannun jan koma za ka taɓa mini ayaba? Ya matsa ya ba ta wuri. Ya ce shi dai ɗan aike ne, ta nuna inda zai haƙa. Ta zauna bakin ramin, yana fitowa da tarkace tana warewa, ƙasa mai kyau gefe guda, abin da ya ƙi ruɓewa gefe guda. Ta ɗaga wata leda ta ce wannan tun Akoia tana goye, ga ta kamar jiya aka jefa ta. Da yamma ta ce yunwa take ji. Ban taɓa murnar gasa kifi kamar ranar ba.

Yanzu gidanmu ba a haɗa shara. Ragowar abinci na aladu ne, ganye da ɓawo kawai ke shiga rami. Gwangwani da kwalba muna tara wa masu saye, leda da kunzugu mu ɗaure a buhu sai motar shara ta zo. Batir kuwa Inna ta ware masa wata kwalba mai murfi, kowa ya yi kuskure ya sha faɗa, har Teuea yana kiranta shugabar hukumar shara. Rijiya dai mun rufe ta tukuna, ruwan tanki muke tafasawa. Makon jiya jikan Ruonamakin ya kwanta da irin ciwon Akoia. Inna ta ɗauki buhu ta tsallaka gidansu, ita da Ruonamakin suka wuni suna ware shara tare, ba ta tayar da waccan magana ba.

Yaya, ina da roƙo, don Allah kada ki ji haushi. Kunzugun da kike aiko wa jariri, mun gode, na san kuɗin guminki ne. Amma shi muka fi tonowa a ramin, kuma tsibirin nan ba shi da faɗin da zai ɓoye shi. In da hali ki aiko da na yadi, ina da hannun wanki.

Babban roƙona kuwa shi ne ki kira Inna. Tun da Kawu ya ba ki labari ba ki buga mata ba. Na ce mata aiki ne ya yi miki yawa, ta ce a'a, fushi kike yi da ita. Ba sai kin ambaci rijiya ba. Ki tambaye ta ayabarta kawai, sauran ita za ta faɗa miki.

Ki gaishe mini da maigidanki Tiaon, da yara Beiataake da Mareta, da Gwaggo Tebora idan kun haɗu a coci. Teuea da Akoia suna gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Rineieta