Waƙar Niƙa a Gidan Takaba

Malam, don Allah ka taimake ni, kuma kada ka buga sunana. Bara na gama elementare, ban taɓa rubuta wa kowa wasiƙa ba.

Da daminar nan ruwa ya ci unguwarmu a Tsohon Birnin Gwari. Babanmu ya koma ɗauko ƙanena Labaran, ɗaki ya rufta musu. Di'o, baturen mulki, ya zo ya duba, ya hau mota ya tafi. Yanzu muna gidan Baffa Abarshi, wan babanmu.

Tun ranar Inna ba ta magana. Tana takaba, sai ta zuba wa bango ido har tuwo ya bushe a gabanta. Wata safiya ina niƙa, ban ankara ba na kama waƙar da take yi wa Labaran in tana niƙa da shi a goye. Sai na ji kukanta, karo na farko. Ranar ta sha kunu rabin ƙwarya. Kwana shida ina waƙar, kwana shida tana ci.

Matan gidan suka kai ƙarata. Baffa ya ce ba ni da kunya, ubana bai yi arba'in ba ina waƙa, ya hana ni. Su da ba sa zama kusa da Inna, su ne masu kunya. Su leƙo su ce ta yi haƙuri, su ɗauke kwanon. Yau kwana huɗu ruwa kaɗai take sha. Ni ko ido ba na iya ɗagawa a gaban Baffa. Wallahi na tsane su duka, kuma ina tsoron alhaki.

Marainiya, Birnin Gwari

'Yata, Allah ya jiƙan mahaifinki da Labaran. Ba ki yi rashin kunya ba. Baffanki ƙani ya rasa, kuma yana gudun bakin mutane. Ba mugu ba ne, amma ya yi kuskure, domin ran mahaifiyarki ya fi surutun unguwa.

Kada ki yi a ɓoye. Nemi tsohuwar da Baffa yake jin nauyinta, ki kai ta ɗakin Inna, ki rera a hankali ta gani da idonta. Ita za ta yi masa magana, ba ke ba. Wasiƙarki ta daɗe a hanya, saboda haka in har yanzu Inna ba ta ci, a kira malamin asibiti yau.

Haushin da kike ji ba zai bar ki da wuri ba. Ki dai riƙe bakinki, ki zauna kusa da Inna da kunu mai ɗumi. Allah ya ba ta lafiya, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.