Burukutu a Hawa na Tara

Plumstead, London
10 ga Fabrairu, 1991

Zuwa ga matata Chundung,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, da Mama da ƙafarta. Yaya Bukuru, yaya sanyi? Na san ba ki yarda akwai sanyin da ya fi naku ba, ba zan yi gardama ba.

Maman Davou, mun je Stratford wurin Baba Kambai kan maganar ɗanki da 'yarsa Zigwai. Na sa kwat, na ɗauki kwalin giyar gwangwani da kwalbar wuski. Tsohon ya karɓe mu da fara'a, ya bar kayan a bakin ƙofa tare da takalma. Ya ce a garinsu ba a neman aure da abin da ake buɗewa da yatsa. Sai an ajiye burukutu a gaban uban yarinya ya ɗanɗana, sannan a buɗe baki. Na tuna masa London muke. Ya ce ya sani, shi ma ba sauri yake yi ba.

Ƙi ne kawai aka naɗe da al'ada. Tun rasuwar matarsa Zigwai kaɗai gare shi a gidan. Amma yarinyar ta sami aikin nas a Kanada, ta kuma faɗa wa Davou in Ista ta wuce ba a tsai da magana ba, za ta tafi. Ba za ta yi aure a bayan idon ubanta ba, ba kuma za ta tsufa tana jira ba. Uban ya ɗauka barazana ce. Ɗanki ya daina cin abinci, sai zagaye ɗaki yake yana amsa mini da Turanci.

Saboda haka zan dafa burukutu. Na sayi dawa a shagon Inusah, mutumin Ghana, wanda ya yi ta sa mini albarka don ya ɗauka kunu zan dama. Ban gyara masa ba. Na kwaso littattafan dafa giya daga laburaren da nake aiki. Abin kunyar shi ne, na sha abin nan tun ina saurayi, amma ban taɓa tsayawa na ga yadda mata suke yinsa ba. Ki rubuto mini.

Mijinki,
Dalyop


3 ga Maris, 1991

Chundung,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Na ga amsarki. Na ji ke 'yar zumuntar mata ce, hannunki ba zai rubuta hanyar giya ba. Na gode da ayoyin. Na kuma gode da kika ce ko jaki ya san sai dawa ta tsira kafin a niƙa, don littattafaina ba su faɗa ba.

Dawa ta tsira a bahon wanka, ni da Davou a tsaye muke wanka da bokiti. Damuwata yanzu famfon tura ruwa ne. Tukunyar da na aro daga coci ta kai ƙaramin duro, tana kan murhu a kicin, duron da giyar za ta kwanta kuma yana ɗakin tankin ruwan zafi, don nan kaɗai ke da ɗumi. Ba mai iya ɗaga tukunyar da tafasasshen ruwa a ciki. Littattafan sun ce mai hankali famfo yake sawa.

Na fara da na tankin kifi. Ƙarami ne, ba ya ƙara, amma an yi shi don ruwan da kifi zai iya rayuwa a ciki. Da ya ji zafi ya lanƙwashe kamar kitse, kicin ya cika da warin roba. Na zubar da dahuwar.

Na biyu na ciro shi daga wani injin wanki da aka yar a bayan gininmu. Wannan jarumi ne, zafi bai dame shi ba. Ya tura komai cikin tiyo yana ruri, har matar da ke ƙasanmu ta bugo rufinta da sanda ta ce za ta kira council, hukumar da ke da gidajen. Giyar ta tashi da kumfa mai kyau, na yi ta murna. Da na kurɓa sai na ji kamar na tsotsi hannun riga. Kumfar sabulu ce.

Ba na iya zama, Maman Davou. A wurin aiki na jera littafin addu'a a layin littattafan aikin lambu. Zigwai ta zo ta leƙa kicin, ta ce sannu Baba. Na ga ta sayi akwati.

Naki,
Dalyop


20 ga Maris, 1991

Matata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki gaida Mama, ki ce mata ta daina zuwa gona.

Na je shagon masu dafa giya a gida. Mai shagon Bature ne mai gemu, ya jera mini famfuna kamar mai aurar da 'ya'ya: wannan na ƙarfe ne ba ya tsatsa, wancan maganaɗisu ke juya shi, ga mai jure zafi, ga mai shiru. Na yi ta kai da komo tsakaninsu har ya ba ni shayi. Na ɗauki na maganaɗisun. Ya tambaye ni wace irin giya ce, na ce ta gargajiya, ya ce madalla, su ma tasu ta gargajiya ce.

Ashe gargajiyar ba ɗaya ba ce. Tasu garau take kamar shayi, tamu kuwa kin san kaurinta. Famfon ya yi ta shaƙewa, ina kwancewa ina wankewa. Da ƙyar dahuwar ta isa duro. Yanzu ta nuna, sai a tura ta cikin jarkoki, shi kuma ya ƙi sam. Na sami dabara: na tace ta da rigar matashi mai fure da kika aiko mini, na sake tacewa, har ta yi garau, famfon ya ja ta yana waƙa. Kaurin na tara a bokiti a baranda. Da kin ga kyan giyar. Ranar Asabar za mu kai.

Ki sa mu a addu'a, ko da ba ki ambaci abin da ke jarka ba.

Dalyop


25 ga Maris, 1991

Chundung tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida gida duka.

Mun haye kogi zuwa Stratford da jarkoki, ni da Davou. Baba Kambai ya fito da ƙwaryarsa daga saman kabad. Na zuba masa. Ya ɗaga ta wajen taga ya ce yana hango gindin ƙwaryar, kuma tun da aka haife shi bai taɓa ganin gindin ƙwarya ta cikin burukutu ba. Ya kurɓa, ya tambaya ko na marasa lafiya ne. Zigwai ta tashi ta shige ɗaki. Ɗanki ya zama kamar an zare masa ƙashi.

Bakina ne ya ƙi shiru. Na shiga yi masa bayanin famfo, da maganaɗisu, da tacewa. Ya ce tsaya, wato na tace giyar ubansa don inji ya ji daɗi? Lallai sai ya ga wannan inji da aka fifita a kansa. Ya sa hula, ya ɗauki ƙwarya, muka komo Plumstead gaba ɗaya, har da yarinyar.

Famfon bai ko kalla ba. Hancinsa ya kai shi baranda. Ya buɗe bokitin, ya kira ni Baturen laburare, ya ce a juye jarka a ciki. Shi da kansa ya naɗe hannun riga ya dama da ludayin da kika aiko. Ya sha. Ya ce tsami ya yi yawa, da matarsa ce ta dafa wannan da ta ɓoye fuska mako guda. Ya sake cika ƙwaryar. Sai ya tsaya yana dube-dube a falon, ya ce ina ƙasa? Ba a ba da 'ya sai an zuba wa waɗanda suka riga mu nasu, kuma ba zai zuba wa uwar Zigwai a kan kafet ɗin council ba.

Lift, injin hawa benen, ya lalace. Muka sauko hawa tara a ƙafa, tsohon a gaba da ƙwarya a hannu biyu, ba wanda ya yarda ya taya shi. A ɗan ciyawar da ke gaban gini, kusa da inda ake ajiye shara, ya tsuguna ya zuba, ya kira sunan matarsa, ya faɗa mata da yarensu wanda zai ɗauki 'yarta. Turawa na kallo ta taga. Zigwai ta riƙe masa hula tana kuka.

Ki fara neman biza, ki kuma sanar da dangi. An sa rana cikin Agusta.

Mijinki,
Dalyop